Wayar Da Aka Bari Tana Lilo A Gidan Inji Na Iya Ƙone Mota

Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin motar da aka yi wa sauye-sauye, ya duba da idon basira, da wuya ya rasa ganin soket ɗaya ko biyu suna lilo ba a haɗa su da komai ba. Wani an naɗe masa baki da baƙin salatif, wani an cusa shi cikin leda an ƙulle, wani kuwa an bar shi haka nan bakinsa a buɗe yana shan ƙura da ruwa. In aka tambayi makanike sai ya ce, ai ba ya aiki, ranka ya daɗe. Gaskiya ne na'urar da yake kai wa wuta ba ta nan, amma sau da yawa wutar tana nan cikin wayar, tana jiran abin da za ta taɓa.

Ga ma'aikacin gwamnati da ya yi shekaru yana tsimi, ko ya ci bashi ana yankan albashinsa wata-wata kafin ya mallaki mota, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Soket ɗin da bai kai girman goro ba yana iya zuƙe batir cikin 'yan kwanaki, yana iya lalata kwamfutar inji wadda kuɗinta kan fi albashin wata, yana kuma iya tayar da gobara a kan hanya alhali iyali na cikin mota. Hausawa na cewa hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Saboda haka ya kamata mu duba inda waɗannan soket suke fitowa, da irin ɓarnar da sukan yi, da yadda ake tsare su.

Daga Ina Suke Fitowa?

A lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, wayoyin gidan inji ba su da yawa. A motar 504 mai kabureta, mutum na iya ƙirga su da yatsa: ta kwayil, ta sitata, ta caji, ta fitilu, ta hon, da 'yan ƙalilan masu nuna zafi da ƙarfin mai. Motar zamani kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da injinta, watau abin da makanikai ke kira bireni. Ita ke auna iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da juyin inji, da hayaƙin da ke fita, sa'an nan ta yanke yawan fetur ɗin da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Kowane ma'auni yana da nasa soket da nasa wayoyi, har ya zama in aka warware wayoyin motar zamani aka jera su, tsawonsu ya haura kilomita ɗaya.

Galibin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai da Amurka da Japan, kuma da wuya su daɗe ba a sauya musu wani abu ba. Wani injinsa ya buga, ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya sayo wani wanda ba na shekarar motarsa ba, sai a tarar soket ɗin tsohon inji ba su da gurbi a jikin sabo. Wani ya gaji da rigimar injekta ya sa aka mayar masa da mota kabureta, sai dukan wayoyin feshin mai su zauna babu aiki. Wani giyarsa mai canja kanta ta lalace aka sa masa ta hannu, sai babban soket ɗin tsohuwar giya ya rage. Wani an cire masa kwamfuresar iyakwandishan. Wani an haɗa masa fankar lagireto kai tsaye, aka zare soket ɗin makunnin da ke tayar da ita in ruwa ya yi zafi. Wani an cire masa matatar hayaƙin salansa, wadda ake kira indomi a gareji, aka bar soket ɗin ma'aunin hayaƙi a rataye. Haka kuma, da yake tun shekarar 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta zo da sitiyari a dama sai an juya shi, wannan kuwa kan sa a yanke wayoyi da yawa a ƙara musu tsawo, a bar wasu.

Daɗin daɗawa, tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 da shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a wannan shekara na mayar da motoci masu amfani da iskar gas, an sami wani sabon dalili na taɓa wayoyin inji. Wasu soket kuma tun daga masana'anta suke zuwa a sake, domin kamfani kan yi damin waya iri ɗaya ga motoci masu daraja dabam-dabam, wadda ba a sa mata fitilar hazo ba sai soket ɗinta ya zauna a ɗaure. Bambancin shi ne, kamfani yakan toshe nasa ya ɗaure shi a wurin da ya dace.

Abin Da Ke Cikin Soket

Kafin a fahimci haɗarin, tilas a san yadda lantarkin mota yake. Batirin ƙaramar mota yana ba da bolt 12, in inji na aiki kuwa na'urar caji kan ɗaga shi zuwa wajen 14. Wannan bai isa ya ja mutum ba, shi ya sa ake raina shi. Amma ƙarfin batir yana wajen yawan wutar da yake iya turowa a lokaci guda, domin sa'ad da ake tayar da inji yakan ba da ɗaruruwan amfiya. Wutar da ta isa ta juya inji ta isa ta mayar da siririyar waya jajir cikin ƙiftawar ido.

Abu na biyu shi ne, kan batir mai alamar ragewa, watau negetif, a jikin mota aka ɗaure shi. Ma'ana, dukan ƙarfen mota, da inji, da salansa, da kowane noti, hanya ce ta komawar wuta. Don haka wayar da ke ɗauke da wuta ba ta bukatar ta sami 'yar'uwarta kafin ta yi tartsatsi. Da zarar tsiraicinta ya taɓa ƙarfe, an gama.

Wayoyin da ke cikin soket ɗin da aka bari iri-iri ne. Akwai mai wuta dare da rana ko an zare makulli. Akwai wadda sai an murza makulli take samun wuta, kamar ta ma'aunin hayaƙi, domin ma'aunin yana da ɗan abin ɗumama kansa da ke cin bolt 12. Akwai mai ɗauke da bolt 5 wanda kwamfuta ke aika wa ma'aunai. Akwai kuma mai kai saƙo zuwa kwamfuta. Ta bolt 5 ɗin nan tana da wata illa ta musamman: a motoci da yawa ma'aunai da dama ke shan wuta daga layi guda, saboda haka in ya taɓa ƙarfe a bakin soket ɗin da aka watsar, sai sauran ma'aunan su rikice gaba ɗaya, mota ta riƙa shaƙewa ko ta mutu a tsakiyar titi. Haka nan in ruwa ko tsatsa ya haɗa haƙorin bolt 12 da na saƙo, wutar da ta fi ƙarfin layin ta shiga kwamfuta, tana iya ƙona wani sashe nata.

Abokan Gaba Huɗu

Na farko shi ne ruwa. Soket ɗin gidan inji an yi shi da zoben roba wanda ke matsewa in an haɗa namiji da tamace, shi ke hana ruwa shiga. Da an raba su, kariyar ta tafi. Ruwan damina, da kududdufin da mota ke ratsawa, da ruwan famfo mai ƙarfi da masu wankin mota ke fesa wa inji, duk sai su sami ƙofa. Ruwan titi ba shi da tsabta, yana ɗauke da gishiri da laka, don haka wuta na bi ta cikinsa. In akwai wuta a haƙori ɗaya, sai ta riƙa zirarawa zuwa ɗayan, tana cin ƙarfen da sauri, har a ga wani koren tsatsa ya cika bakin soket. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wayar mota silili ne na jan ƙarfe masu yawa a murɗe, ruwa kuwa yakan bi tsakaninsu kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Ta haka danshin da ya shiga ta soket ɗin gaban mota kan yi tafiya cikin rigar waya har ya isa soket ɗin kwamfuta, a rasa ta inda ya shigo.

Wannan zirarar wuta ita ke kashe batir a ɓoye. Alal misali, in ana asarar rubu'in amfiya dare da rana, a kwana ɗaya an yi asarar awon amfiya 6. Batir mai awon amfiya 60 zai rasa rabin cajinsa cikin kwana 5, wanda kan isa ya hana shi tayar da inji. Ma'aikacin da ya ajiye mota ya tafi kwas na mako guda sai ya dawo ya tarar ba ta ko motsi, ya ɗora laifi a kan batir, ya sayi sabo, shi ma ya bi sawun na farko.

Na biyu shi ne zafi. Ruwan da ke sanyaya inji kan kai digiri 90 zuwa sama, bututun da hayaƙi ke fita daga inji kuwa zafinsa kan kai ɗaruruwan digiri. Soket roba ne, rigar waya ma roba ce. In suka kwanta a kan wannan bututu sai su narke, haƙoran da robar ta raba su haɗe, ko su taɓa bututun kansa. A ƙasa irin tamu inda zafin bazara kan wuce digiri 40 a inuwa, ga cunkoson motoci inda iska ba ta ratsa gidan inji, roba kan bushe ta tsage da wuri.

Na uku shi ne girgiza. Inji yana rawa a kan mazauninsa, hanya kuma tana da ramuka. Soket ɗin da ke lilo yana da nauyi, yana jan wayarsa yana gogarta a gefen ƙarfe sau dubbai a tafiya guda, har rigar ta huje. Wani lokaci kuma sai ya faɗa cikin fanka ko bel ya kama shi, ya fizge damin wayoyi gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne ƙura da mai. Ƙurar hunturu tana cika ramukan soket, ta cakuɗe da baƙin mai da ke tsatsafowa daga inji, ta zama dauɗa mai riƙe danshi. Man inji da fetur suna kuma laushe wasu irin robobi. A ƙara da ɓeraye, waɗanda kan shiga gidan inji neman ɗumi, su sami wayar da ke rataye su ɓalgace ta.

Fis Ba Ya Tsare Komai Da Komai

Wani zai ce, ai akwai fis. Lalle fis mai tsaro ne, aikinsa shi ne ya narke ya yanke layi in wuta ta wuce ƙima, domin kada waya ta ƙone. Amma yana da iyaka. A ce layi yana da fis na amfiya 20, sa'an nan tsatsa ko gogewa ta sa amfiya 10 na zirara zuwa jikin mota. Fis ba zai yanke ba, domin ba a kai haddinsa ba. Amma amfiya 10 a bolt 12 wat 120 ke nan na zafi, kuma duk ya taru a wuri kamar ƙwayar gero. Wannan ya isa ya narkar da roba ya kama da wuta. A kusa kuwa akwai bututun fetur, wanda tururinsa kan kama ko a cikin tsananin sanyi.

Bugu da ƙari, akwai mummunar al'adar nan ta ɗaure fis da ya ƙone da silin waya, ko a sa na amfiya 30 a gurbin na 10 don ya daina yankewa. Wanda ya yi haka ya mayar da wayar motarsa ita ce fis. Akwai kuma wayoyin da aka ja kai tsaye daga kan batir don kunna fanka, ko ƙarin fitila, ko amsa-kuwwa, ba tare da fis ba sam. In aka cire na'urar daga baya aka bar irin wannan waya, ita ce mafi haɗari a cikin mota duka.

Yadda Ake Tsare Su

Aikin ba shi da wuya, kuma kayansa ba su da tsada, amma yana son a bi shi daki-daki.

Da farko a kashe inji, a bari ya huce. A duba gidan inji da fitila mai haske, a ƙirga duk soket ɗin da ba a haɗa ba. Kowane ɗaya a nemi sanin na mene ne. Launin wayoyinsa, da yawan haƙoransa, da tsawon reshensa, duk suna nuna inda yake zuwa a da. Taswirar wayoyin motar, wadda ake samu a littafin gyaranta ko a intanet, ita ce alƙali. Kada a ɗauka kowane soket da aka gani a sake an bar shi ne da gangan, domin wani mantuwa aka yi da shi bayan gyara, maganinsa shi ne a mayar da shi gurbinsa.

Na biyu, a sa mai gyaran wayar mota, wanda ake kira rewaya, ya auna haƙoran da mita, sau ɗaya makulli a zare, sau ɗaya a murɗe. Mita ta fi fitilar gwaji mai ƙwai, domin fitilar na jan wutar da za ta iya cutar da layin kwamfuta. In an sami haƙori mai wuta, kuma layin nasa shi kaɗai yake da fis ɗinsa, hanya mafi sauƙi ita ce a zare fis ɗin baki ɗaya, layi ya mutu tun daga tushe. Sai dai a tabbata ba wata na'urar da ke shan wuta daga fis ɗin, gama sau da yawa fis guda kan ciyar da abubuwa uku ko huɗu.

Na uku, kafin a sa hannu a cikin aikin, a cire kan batir na negetif. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, domin in aka fara da ɗayan, sifana ta taɓa jikin mota, za a yi tartsatsi. Mai mota ya sani cewa cire batir kan goge agogo da tashoshin rediyo, wasu rediyoyin ma sai an sa musu lambar sirri kafin su sake aiki.

Na huɗu, a tsabtace soket. A fesa masa ruwan wanke kayan lantarki, wanda ke bushewa nan da nan ba ya barin maiƙo, a goge da ɗan buroshi mai laushi, a bari ya bushe sarai. In aka rufe soket da danshi a ciki, an kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Na biyar, a shafa masa giris na silikon wanda aka yi don lantarki. Wannan giris ba ya wuce da wuta, aikinsa shi ne ya hana ruwa da iska taɓa ƙarfe. Giris ɗin ƙafa ko baƙin mai ba za su maye gurbinsa ba, domin suna kumbura wasu robobi, wasu kuma an cakuɗa su da garin ƙarfe ko gawayi. Akwai togaciya guda: soket ɗin ma'aunin hayaƙi, in da niyyar mayar da shi aiki, gara a rufe shi a bushe, domin wasu ma'aunan ta cikin wayoyinsu suke shaƙar iskar da suke kwatanta hayaƙi da ita, giris kuwa yana toshe wannan hanya.

Na shida, a rufe bakin. Rufin da ya fi kowanne shi ne abokin soket ɗin kansa, watau ɗaya ɓarin da aka yi su tare. Ana iya samunsa a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, a yanko shi daga matacciyar na'ura. Sai a zare wayoyinsa a toshe ramukan da 'yan toshe na roba, ko kuwa a rufe ƙarshen kowace waya dabam, sa'an nan a haɗa shi da na jikin mota har a ji ya yi ƙas. Ta haka zoben robar ya koma bakin aikinsa. Manyan kamfanonin da ke ƙera soket, irin su Yazaki da Sumitomo na Japan, da masu yin samfurin Deutsch da Superseal da Weather Pack, suna yin irin waɗannan toshe don ramukan da ba a sa wa waya ba. Soket mai lambar IP67 an gwada shi ya jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30, amma wannan alkawari yana aiki ne kawai in an haɗa shi kuma an toshe kowane rami.

In ba a sami abokin ba, sai a nemi robar nan mai kama da bututu wadda ke tsukewa in ta ji zafi, musamman mai gam a ciki. A zura soket a ciki, a bar ɗan saura a gaba, a hura mata iska mai zafi har ta kama, sa'an nan a matse bakin da filaya tun da zafinta don gam ya like. Ashana ko kyandir ba su dace da wannan aiki a kusa da fetur ba. Akwai kuma tef na silikon wanda ba shi da gam, in an ja shi an naɗa sai ya manne da kansa ya zama abu guda, yana kuwa jure zafi fiye da salatif nesa ba kusa ba.

Na bakwai, a ɗaure. A lanƙwasa reshen wayar a hankali, a kwantar da shi a jikin babban dami, a ɗaure da maɗaurin roba a wuri biyu, ba tare da an matse har ya yanki rigar waya ba. A nisanta shi daga bututun hayaƙi, da bel, da fanka, da sandar sitiyari, da duk wani gefen ƙarfe mai kaifi. Kada a ɗaure shi a jikin bututun fetur ko na birki. Bakinsa ya dubi ƙasa, domin ko ruwa ya fantsamo ya zube, kuma ya zama a wuri mai tudu, ba can ƙasa inda kududdufi ke kaiwa ba.

Na takwas, a rubuta. A liƙa wa kowane soket 'yar alama mai sunansa, a kuma rubuta a littafin mota abin da aka cire, da ranar, da fis ɗin da aka zare. Makaniken da zai taɓa motar shekara biyu nan gaba, ko wanda zai saye ta, ba zai yi ta lalube ba.

Abin Da Bai Kamata Ba

Leda da kyauro su ne mafi yawan abin da ake gani, su ne kuma mafi muni. Leda ba ta hana ruwa shiga, tana hana shi fita ne, ga shi tana narkewa. Salatif mai araha gam ɗinsa kan narke cikin 'yan makonni a zafin inji, ya warware ya bar danƙo. Araha ba ta ado. Gam ɗin silikon na gini, mai warin tsami, yana fitar da ruwan tsami sa'ad da yake bushewa, wanda ke cin jan ƙarfe. Murɗe tsiraicin wayoyi biyu wuri guda a naɗe kuwa, gayyatar gobara ce.

Yanke soket a jefar ma ba dabara ba ce in ba dole. Mai mota na iya so ya mayar da iyakwandishan wata rana, kuma motar da aka daddatse wayoyinta darajarta kan faɗi a kasuwa. In tilas ne a yanke, alal misali soket ɗin ya riga ya narke, to a yanke wayoyin tsawo dabam-dabam don kada bakunansu su yi daidai, a rufe kowace ita kaɗai da roba mai tsukewa, sa'an nan a haɗa su a ɗaure.

Waɗanda Ba A Taɓawa

Akwai soket iri uku da mai mota ba zai sa musu hannu ba. Na farko masu launin rawaya, waɗanda galibi na jakar iska ce mai fashewa in an yi karo. Ma'aunanta na gaban mota, kuma auna layinta da fitilar gwaji na iya fasa jakar a fuskar mutum. Na biyu wayoyi masu kauri masu launin lemo a motoci masu haɗa inji da lantarki, irin su Toyota Prius, waɗanda ke ɗauke da fiye da bolt 200, wutar da ke kisa. Na uku wayoyi biyu da aka murɗe da juna kamar igiya, waɗanda kwamfutocin mota ke zance da juna ta cikinsu, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a shekarar 1986. In suka taɓa juna ko suka taɓa ƙarfe, allon mita da giya da birki mai kwamfuta na iya rikicewa tare. Waɗannan sai gwani.

Game da motar da aka mayar mai gas, ya kamata a ƙara kula. Gas ɗin ana matse shi a tukunya da ƙarfin da ya kai ba 200, kuma aikin ya ƙunshi ratsa wayoyin feshin fetur da jan sababbi zuwa kwamfutar gas. Mai mota ya kai aikin cibiyar da hukuma ta amince da ita, ya kuma duba da idonsa kafin ya karɓi mota cewa ba a bar tsiraicin waya ko soket a sake kusa da bututun gas ba.

Nauyin Da Ke Kan Kowa

Mai mota shi ne na farko. Duk lokacin da aka yi masa babban aiki, ya nemi a buɗe bonet a gabansa, ya nuna kowane soket da ke sake ya tambayi dalili. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Sau ɗaya a wata, da kuma kafin faɗuwar damina, ya sake dubawa. In ya ji warin roba na ƙonewa, ko fis guda yana yawan yankewa, ko batir na mutuwa a ajiye, ko fitilar gargaɗin inji na kamawa bayan ruwan sama ko wanki, to kada ya jinkirta. Ya riƙe tukunyar kashe gobara mai hoda a inda hannu zai kai, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ke bukata. In hayaƙi ya taso daga gaba, ya tsaya ya kashe inji, ya fitar da kowa, kuma kada ya wangale bonet, domin iska ce abincin wuta. In wutar ƙarama ce, ya ɗan sassauta shi ya fesa ta kafar, in ta yi ƙarfi ya nisanta ya kira 'yan kwana-kwana.

Jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu su ma suna da nasu rabon. Kamata ya yi takardar karɓar mota daga gareji ta ƙunshi layi guda da ke tabbatar da cewa an toshe kuma an ɗaure duk wayar da aka daina amfani da ita, domin dukiyar jama'a amana ce. Ɗaliban kwalejojin fasaha da na koyon sana'a kuwa, su ne rewayoyi da injiniyoyin gobe. Su saba tun yanzu da karanta taswirar waya da riƙe mita, su kuma ɗauka cewa aiki bai ƙare ba don inji ya tashi, sai an duba abin da aka bari a baya.

Kuɗin giris da roba da maɗauri ba su kai na cika tanki sau ɗaya ba, aikin kuma ba ya cin fiye da awa guda. Wanda ya kwatanta wannan da kuɗin kwamfutar inji, ko da tsayawa a bakin titi yana kallon gumin shekara goma na ci da wuta, ya san rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da sakaci, ya kai mu gidajenmu lafiya.